Zaburar da katin girafik: gudun da ya rage a cikinsa nawa ne?

A watan Mayun 2016 kamfanin Nvidia ya fitar da katinsa na girafik mai suna GTX 1080, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hotunan da ke fitowa a allo. A takardar bayaninsa an rubuta lamba biyu: megahaz 1607 a matsayin gudunsa na tushe, da megahaz 1733 a matsayin inda zai kai idan aiki ya yi nauyi. Waɗanda suka saya suka jona shi a kwamfuta, suka buɗe gem, suka leƙa manhajar da ke nuna halin da kati yake ciki, sai ga shi yana haura 1800 ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Bayan minti goma ko ashirin, da zafi ya taru, sai lambar ta fara sassautowa da kanta, tana hawa tana sauka kamar numfashi. Duk mai son ƙara wa katinsa gudu a yau, daga nan ya kamata ya soma tunani, domin katin da ke hannunsa ya riga shi fara aikin.

'Yan gem suna kiran abin obakulok, wato a tilasta wa kati ya yi gudu sama da wanda kamfani ya yanka masa. Ni na fi son in ce zaburarwa, don ya fi kama da yadda mahayi ke yi wa doki: ba ƙafa ake ƙara masa ba, ƙarfin da yake da shi ake matsa masa ya fitar.

A tsakiyar kowane kati akwai ɗan guntun silikon da shi ne ƙwaƙwalwarsa. Na GTX 1080 yana ɗauke da tiransisto biliyan 7.2, na RTX 4090 da ya fito a 2022 kuwa ya haura biliyan 76. Waɗannan tiransistoci, wato ƙananan makunnai masu buɗe wa wuta hanya su rufe, ba kara zube suke aiki ba, akwai bugu da suke bi, kamar masu aikin gayya da ke bin kiɗa. Megahaz ɗaya na nufin bugu miliyan ɗaya a sakan. A kowane bugu, saƙon lantarki zai bi ta jerin tiransistoci ya isa inda aka aike shi, ya zauna daram, kafin bugu na gaba ya zo. Idan ka hanzarta kiɗan, lokacin da ke tsakanin bugu da bugu ya ragu. Za a kai matakin da saƙo bai gama isa ba bugu na gaba ya riske shi, sai a karanta sifili inda ya kamata a karanta ɗaya. Daga wannan kuskuren lissafin ne ake samun ɗigo-ɗigon launi a allo, ko gem ya rufe kansa, ko allo ya yi baƙi ƙirin. Maganin da aka sani shi ne ƙara boltej, wato ƙarfin turin wutar da ke shiga ƙwaƙwalwar, saboda tiransisto ya fi saurin buɗewa da rufewa idan an ƙara masa turi. To amma boltej ba kyauta ba ne, za mu dawo kansa.

Me ya sa ma ake samun rarar gudu tun farko? Saboda ba a taɓa samun ƙwaƙwalwa biyu da suka yi daidai wa daida ba. A kan faifan silikon guda mai faɗin milimita 300 ake yanko su da yawa, a masana'antu irin su TSMC ta Taiwan ko Samsung ta Koriya ta Kudu, amma ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya gani kan sa wata ta jure gudu mai yawa da wuta kaɗan, wata kuma sai an ɗura mata. Kamfani ba zai zauna ya yi wa kowace ɗinki daidai jikinta ba. Zai zaɓi lambar da ko mafi rauni a cikinsu za ta iya riƙewa, a ɗaki mai zafi, cikin akwati mai ƙura, tsawon shekaru. Tazarar da ke tsakanin wannan lambar da ainihin iyakar katinka ita ce gonar mai zaburarwa. Masu harkar suna kiranta cacar silikon, kuma sunan ya dace: mutum biyu su sayi kati iri ɗaya rana ɗaya, na ɗaya ya ɗauki ƙarin megahaz 200 ko gezau, na ɗayan ya faɗi a 90. Shi ya sa kwafo lambobin wani daga bidiyo ka zuba wa naka ba dabara ba ce.

Da can gonar tana da faɗi. GTX 460 na shekarar 2010 ya zo da megahaz 675, kuma kai shi 800 ba abin labari ba ne a lokacin. GTX 980 Ti na 2015 an rubuta masa 1075, mutane da yawa suka riƙa tafiyar da shi a wajen 1400. A ɓangaren kamfanin AMD ma, abokin hamayyar Nvidia, an yi zamanin da wasu masu Radeon HD 6950 suka sauya masa manhajar cikinsa ta BIOS suka buɗe sassan da kamfani ya rufe, ya koma kusan HD 6970. Wanda ya shiga harkar a wancan zamanin yana da hujjar yi mata kallon ganima.

Kamfanonin ma ba barci suke ba. Sun lura cewa rarar da suke bari, wasu ne ke kwasa, alhali za su iya kwashe ta da kansu su rubuta a kwali. A ƙarshen 2010 AMD ta kawo tsarin PowerTune, a 2012 kuma Nvidia ta kawo GPU Boost tare da GTX 680. Daga nan kati ya daina gudu a lamba ɗaya tak. Yana da na'urorin awo a jikinsa, yana duba wutar da yake sha da zafin da ya tara sau da yawa a cikin sakan, in ya ga sarari ya ƙara gudu, in ya ga ya matsu ya ja baya. A 2013 aka shigar da zafi cikin lissafin sosai, a 2016 kuma aka bai wa mai kati damar taɓa kowane mataki na jadawalin boltej da gudu. Ma'ana, babban kaso na abin da masu zaburarwa ke yi da hannu a da, yanzu kati na yi wa kansa tun daga masana'anta. Abin da ya rage mana kala ne bayan girbi. A yawancin katunan zamani, ƙarin da za a gani a cikin gem bai cika wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba.

Dabaibayi uku ne ke riƙe da katin yau, kuma fahimtarsu ya fi sanin kowace lamba amfani.

Na farko iyakar wuta. An ƙayyade wa kowane kati adadin wat ɗin da zai sha: GTX 1080 wat 180, RTX 3080 wat 320, RTX 4090 wat 450, RTX 5090 na 2025 kuwa wat 575. Da ya taɓa wannan rufin sai ya rage gudu, ko da sanyi ƙalau yake. Na biyu zafi. Katunan Nvidia da dama an saita su a kan digiri 83 a ma'aunin Salshiyos, amma ba sai sun kai can suke fara ja da baya ba. Tun daga ƙasa, duk 'yan digirin da suka ƙaru sai kati ya sauke mataki guda, kimanin megahaz 13 ko 15 gwargwadon zubinsa. Na uku boltej, wanda kamfani ya kulle a wani rufi da manhaja ba ta iya tsallakewa. A katunan zubin GTX 1080, alal misali, rufin bolt 1.093 ne.

Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna GPU-Z da ke da layi guda da nake ganin ya fi komai daraja ga mai son shiga wannan harka. Layin yana gaya maka, a kowane lokaci, wane dabaibayi ne ya riƙe katin Nvidia. In ka ga Pwr, wuta ce. In ka ga Thrm, zafi ne. In ka ga VRel, ya kai ƙarshen boltej ɗin da aka yarje masa. Mutum ya buɗe gem ɗinsa ya buga na rabin awa, sannan ya koma ya duba abin da layin ya fi nunawa. Wanda katinsa ke kukan zafi, ya je yana ƙara masa megahaz, kamar mai zuba ruwa a kwando ne. Abin da yake buƙata shi ne ya kaɗe ƙurar da ta toshe ƙarfen shanye zafi, ya gyara shigar iska da fitarta a akwatin, ya ƙara wa fanka juyi, in katin ya tsufa kuma a sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen. Digiri goma da ka rage ta wannan hanya ƙarin gudu ne da ba ya zuwa da haɗarin komai.

Yanzu mu koma kan boltej. Wutar da ƙwaƙwalwa ke sha tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: ƙara gudu da kashi 10, wuta ta ƙaru da kimanin kashi 10. Amma boltej ninka kansa yake yi a lissafin. Ƙara shi da kashi 10, sai a ninka 1.1 sau 1.1, a samu 1.21. Idan ka haɗa biyun, wato gudu kashi 10 da boltej kashi 10, lissafin ya zama 1.1 sau 1.21, wanda ya ba da 1.33. Ka nemi ƙarin gudu na kashi 10, ka biya da ƙarin wuta na kashi 33. Kuma duk wat ɗin da kati ya sha, zafi yake komawa, babu inda yake zuwa sai cikin akwatin da ɗakin da kake zaune. Zafin nan kuma shi ne zai sa kati ya sauke gudun da ka sha wahala ka ƙara. Wannan zagayen ne ya sa matakan ƙarshe na gudu suka fi kowanne tsada, kuma shi ya sa RTX 4090, da wasu samfuransa ke yarda a ɗaga iyakar wutarsu daga wat 450 zuwa 600, wato ƙarin kashi ɗaya cikin uku, ba ya mayar da ƙarin aikin da ya kai ko kusa da haka. 'Yan kashi kaɗan ake gani.

Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce MSI Afterburner, wadda aka gina a kan tsohuwar RivaTuner ta wani ɗan ƙasar Rasha, Alexey Nicolaychuk, kuma tana aiki da katin kowane kamfani, ba na MSI kaɗai ba. Masu katin AMD suna da nasu wajen saiti a cikin manhajar Adrenalin. Hannunka mai sanda: an sha kama shafukan bogi da ke kwaikwayon shafin Afterburner suna raba manhajar sata, don haka a ɗauko ta daga shafin kamfanin kawai.

Ga yadda zaman yake kasancewa. Kafin ka taɓa komai sai ka auna. Ka kunna manhajar gwaji irin su 3DMark ko Unigine Superposition sau biyu ko uku, ka rubuta maki a takarda, da zafi, da gudun da kati ya zauna a kai bayan ya ɗumama. Wanda bai yi wannan ba, duk abin da ya ce ya samu daga baya zato ne. Sannan ka ja madannin iyakar wuta zuwa ƙarshe, tunda ƙarshen ma kamfani ne ya yanka shi. Sai madannin gudun ƙwaƙwalwa. A nan mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Idan ka rubuta +100, ba cewa ka yi kati ya zauna a wata lamba ba. Cewa ka yi, a kowane matakin boltej, ya yi gudun da ya fi na da da megahaz 100. Jadawalin gaba ɗaya ka ɗaga sama. Dabaibayin nan uku suna nan inda suke.

Sai ka riƙa hawa a hankali, 15 ko 30 a kowane taku, kana maimaita gwaji. Da farko maki na ƙaruwa, rai na yin daɗi. Can sai ka ga wani ɗan tartsatsi kore ko ja ya gifta a kusurwar allo, kamar ƙyaftawar ido, har ka yi shakkar ko ka gani. Ka gani. Taku ɗaya ko biyu gaba, hoton zai daskare, sautin ya riƙa maimaita kansa, allo ya ɗauke, sannan ya dawo da saƙon cewa direban kati ya daina amsawa. Abin da ya faru shi ne, Windows na da agogon tsaro: in kati ya yi sakan biyu bai amsa kira ba, sai ta sake tayar da direban, wato manhajar da ke sada kati da kwamfuta. Abin yana da ban tsoro a karo na farko, amma ba lalacewa ba ce. Iyakar katinka ka gano. Ka koma baya taku biyu, ba ɗaya ba.

Sai dai gwaji na yaudara. Na taɓa zama da wani kati da ya yi awa guda cur a manhajar gwaji bai ko yi tari ba, na ajiye saitin ina murna. Kwana biyu bayan haka ya riƙa faɗuwa a wani tsohon gem mara nauyi, kuma ba a tsakiyar fafatawa ba, a shafin zaɓe-zaɓe na farko. Na daɗe ina zargin gem ɗin. Ashe a gwaji mai nauyi, iyakar wuta ce ke danne katin a ƙasa, bai taɓa hawa ƙololuwar jadawalinsa ba. A gem mara nauyi kuwa sai ya samu sarari ya haura can sama, inda ƙarin da na yi masa ya fi ƙarfinsa. Tun daga ranar na daina yarda da gwaji guda. Gem mai amfani da fasahar bin diddigin haske ma yana motsa wasu sassan ƙwaƙwalwa da sauran gem ba sa taɓawa, saitin da ya zauna lafiya a can yana iya rushewa a nan. Hukunci na gaskiya sai bayan mako guda ana buga wasanni daban-daban.

Memorin kati kuma nasa labarin daban ne, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Aikinsa shi ne ajiye hotuna da siffofin da ƙwaƙwalwa ke buƙata, ƙara masa gudu kuma faɗaɗa hanyar da ke tsakaninsu ne. RTX 3080 na 2020 yana da memori mai gudun gigabit 19 a sakan a kan kowane layi, layukan kuma 320 ne. In ka ninka ka raba da 8, ka samu gigabait 760 a sakan. Kai shi gigabit 20, ya zama 800, ƙarin kashi 5 da ɗoriya. A manyan allo irin na 4K, inda kaya ke da yawa, wannan na iya yin tasiri fiye da taɓa ƙwaƙwalwar.

Tarkon shi ne, memorin zamani irin GDDR6X yana gane kuskure a saƙon da aka aiko, in ya gane sai a sake aikowa. A tsofaffin katuna, da ka wuce gona da iri za ka ga allo ya cika da zane-zane, ka san ka yi laifi. A sababbi kuwa shiru za ka ji. Hoto tsaf, babu faɗuwa, kana ta ƙara lamba kana jin kai gwani ne, alhali kati na ɓata lokacinsa wajen maimaita aike. Makin gwaji ne kawai zai tona asiri: zai hau, ya tsaya, sannan ya fara gangarowa duk da lambar na ƙaruwa. Inda ya tsaya nan ne iyaka, kuma gara a zauna ƙasa da ita. Ga kuma zafi: irin wannan memori yana rage gudu idan ya kusanci digiri 110, kuma zafinsa ba shi ne lambar da yawancin manhajoji ke nunawa a gaba ba. Sai an buɗe irin su HWiNFO ake ganinsa.

To, bayan duk wannan, kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A ce gem ɗinka yana ba da hoto 60 a sakan, abin da 'yan gem ke kira FPS. Ka samu kashi 8, ya koma kusan 65. Kowane hoto da yake ɗaukar milisakan 16.7 yanzu yana ɗaukar 15.4. Ban yarda akwai idon da zai rantse ya ga bambancin ba. Amma a ce kana kan 55, allonka kuma mai sabunta hoto sau 60 a sakan ne, ba shi da fasahar daidaita kansa da kati irin G-Sync ko FreeSync. A nan kashi 8 ko 9 shi ne tazarar da ke tsakanin wasa mai tsinkewa da wasa mai santsi. Wato ribar zaburarwa ba a yawanta take ba, a inda ta faɗo take. Wanda ke dab da wata ƙofa, ɗan turi ya ishe shi. Wanda ke kan 30 yana mafarkin 60, ko ya kwana yana jan madanni ba zai wuce 33 ba.

Akwai ma inda ribar sifili ce. Idan furosesa, wato babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ce ta gaza, kati zaman jira yake yi. Alamar ita ce ka ga aikinsa na yawo a kashi 70 ko 80 maimakon 97 zuwa sama. Wannan ya fi faruwa a gem ɗin gasa da ake bugawa a ƙaramin ma'aunin hoto don neman FPS ɗari biyu ko uku. Ƙara wa mai jira gudu, jiransa kawai ka tsawaita. Haka nan idan gem na neman memori fiye da wanda kati ke da shi: gigabait 8 ko ka zabure shi yaya, 8 ɗin ne. Kuma gaskiyar da masu sha'awar harkar ba sa son ji ita ce, sauke ingancin inuwa daga mataki na ƙoli zuwa na ƙasa da shi, ko kunna DLSS na Nvidia, ko FSR na AMD, ko XeSS na Intel, wato fasahohin da ke zana hoto a ƙaramin ma'auni sannan su faɗaɗa shi, sau da yawa na ba da ninkin abin da zaburarwa za ta bayar, cikin sakan goma.

Wani abu da matsakaicin FPS ke ɓoyewa shi ne cijewa. Masu awo da kyau suna duba kashi 1 cikin 100 na hotunan da suka fi jinkiri, don su ne ido ke gani a matsayin tsinkewa. Katin da aka tura har bakin iyakar wutarsa, yana bugun rufi yana dawowa, yana iya ba da matsakaici mai kyau amma wasa ya fi na da cijewa.

Shi ya sa da yawa daga cikin tsofaffin hannu suka juya akalar zuwa rage boltej. Tunda rarar da kamfani ya bari tana nan, hanya biyu ce ta cin ta: ko ka nemi ƙarin gudu a boltej ɗin da ake kai, ko ka riƙe gudun da ake kai da boltej ƙasa da na da. Lissafin ninkin nan da ya cuce mu ɗazu, yanzu ya koma bayanmu. Sauke boltej da kashi 10, sai a ninka 0.9 sau 0.9, a samu 0.81, wuta ta ragu da kusan kashi 19. A Afterburner ana danna Ctrl da F, jadawalin ya fito da ɗigo-ɗigo a jere, kowane ɗigo boltej ne da gudunsa. Sai mutum ya zaɓi ɗigo, misali na bolt 0.9, ya ɗaga shi zuwa gudun da yake so, ya shimfiɗe duk na bayansa su yi layi ɗaya, don kada kati ya nemi wuce nan. Abin mamakin shi ne, katin da iyakar wuta ke dannewa, in an rage masa boltej yakan ƙara gudu ne, saboda ya daina bugun rufi. Radeon RX Vega 64 na 2017, mai shan wat 295, ya yi suna a wannan, kuma katunan AMD na baya-bayan nan ma ta nan aka fi samo musu ƙari. Ga sanyi, ga shirun fanka, ga gudu daidai ko fiye. In za a tambaye ni, da wannan zan ce a fara. Shi ma dai yana buƙatar gwaji iri ɗaya, don ƙarancin boltej na kayar da kati kamar yadda yawan gudu ke yi.

Batun ko kati zai ƙone, an fi kururuta shi fiye da yadda yake. Muddin a cikin manhaja kake wasa, rufin boltej da na wuta da na zafi suna nan, kuma kati zai kashe kansa kafin ya dahu. Gaskiya ne yawan zafi da boltej na tsufar da silikon a hankali, suna kuma gajiyar da fanka da sassan daidaita wuta, amma tafiyar shekaru ce. Inda haɗarin yake shi ne hanyar da wutar ke bi. Ramin da ake soke kati a allon uwa, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, wat 75 aka yarje masa, filogi mai ƙafa 6 wat 75, mai ƙafa 8 wat 150. A 2016 an gano RX 480 na AMD yana jan fiye da ƙa'ida daga ramin, sai da kamfanin ya gyara ta hanyar sabon direba. A ƙarshen 2022 kuma aka riƙa samun rahoton narkewar sabon filogin 12VHPWR a RTX 4090, wanda aka ƙera don ɗaukar har wat 600. Nvidia ta danganta yawancin matsalar da rashin tura filogin ya shige sosai, daga baya kuma aka sake masa fasali zuwa 12V-2x6. Duk wanda zai ɗaga iyakar wuta a irin wannan kati, ya fara tabbatar filogin ya zauna har ya yi ƙara, wayar kuma ba a lanƙwashe take a bakinsa ba. Akwatin raba wuta na kwamfuta ma ya zama mai rara, domin manyan katuna kan yi wata irin zabura ta ɗan ƙanƙanin lokaci da ta zarce abin da aka rubuta musu nesa. In kwamfuta na mutuwa ɗif a tsakiyar gem ba tare da wani saƙo ba, akwatin raba wutar ya kamata a fara tuhuma.

Sauya BIOS ɗin kati da na wani samfuri, ko yi wa allonsa walda don a ruɗe na'urar auna wuta, wannan wani fage ne daban. A can babu dabaibayi, kuma garanti ya tafi. Garin gyaran gira a rasa ido. Laftof kuma ban ga abin da za a nema a cikinta ba: wutarta a ƙayyade, bututun sanyayawarta sau da yawa ɗaya ne da na furosesa, duk zafin da ka ƙara wa ɗaya ka ɗora wa ɗayan. Rage boltej, inda na'urar ta yarda, shi ne abin da zai amfane ta.

Akwai kuma masu yi don gasa kawai. Suna cire fanka da ƙarfen gaba ɗaya, su ɗaura tukunyar tagulla a kan ƙwaƙwalwa, su riƙa tsiyaya ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, hayaƙi fari na tashi, sun lulluɓe allon katin don kada raɓa ta jiƙa shi. Makin da suka samu sai su ɗora a shafin HWBOT. Irin su Vince Lucido, da aka fi sani da Kingpin, har katuna aka riƙa ƙerawa da sunansu a kamfanin EVGA, kafin kamfanin ya fice daga sana'ar katin girafik a Satumbar 2022. Lambobinsu na minti kaɗan ne, iya tsawon gwaji ɗaya, kuma ba su da alaƙa da abin da katin da ke cikin akwati zai riƙe ana buga gem da dare.

Wanda ba ya son zaman gwaji, tun 2018 Nvidia ta fitar da hanyar da manhaja ke laluben jadawalin da kanta, AMD ma tana da madannin saiti na kai tsaye. Sukan tsaya nesa da iyaka, abin da suke bayarwa kaɗan ne, amma ba kasafai suke kayar da kati ba. Wanda kuma ya yi da hannu, kada ya yi saurin danna madannin da ke sa saitin ya hau da kansa duk lokacin da Windows ta tashi, sai ya yi kwanaki yana gwadawa. Ya kuma ajiye takardar da ya rubuta makinsa na farko, domin saitin da ya zauna lafiya a lokacin sanyi yana iya fara tartsatsi idan zafi ya shigo, sabon direba ma kan sauya lissafin, sai a sake komawa taku biyu baya a auna daga farko.